Kuɗin Kirifto: Hatsarin Ɓoyayyen Reshe Da Dabarun Tsare Shi

Daga Wakilinmu

A farkon shekarar 2023, sa'ad da takardun Naira suka yi wuya a hannun jama'a sakamakon sauya fasalin kuɗi da Babban Bankin Nijeriya ya yi, 'yan kasuwa da yawa a Jihar Kebbi, tun daga Gwandu har Kalgo da Jega, sun koyi karɓar kuɗi ta waya ba don ransu ya so ba. A wannan lokaci ne kuma jama'a suka ƙara sanin sharrin saƙon bogi, watau mai saye ya nuna wa mai kaya saƙon da ke cewa kuɗi sun shiga, alhali kuwa ko kwabo bai fita daga asusunsa ba. Maganin wannan cuta ba shi da wuya: mai kaya ya duba asusunsa da kansa kafin ya saki kaya.

To, a harkar kuɗin intanet da ake kira kirifto akwai wata cuta da ta fi wannan zurfi. Kuɗi sukan shiga da gaske, mai kaya ya duba ya gan su, dubban kwamfutoci su shaida haka, sa'an nan bayan 'yan awoyi a tarar an shafe cinikin daga kundi kamar ba a taɓa yin sa ba. Masana suna kiran wannan harin kashi 51 cikin ɗari. A nan za mu kira shi harin ɓoyayyen reshe, domin sunan ya fi nuna yadda ake aikata shi.

Maganar ta shafe mu. Kamfanin Chainalysis, mai bin diddigin wannan harka, ya sa Nijeriya a matsayi na biyu a duniya wajen karɓar kirifto a 2023 da 2024. Ran 5 ga Fabrairu, 2021, Babban Banki ya hana bankuna hulɗa da masu wannan ciniki, amma cikin Disamba 2023 ya sassauta, kana a watan Maris 2025 aka sa hannu a kan sabuwar dokar zuba jari wadda ta ɗora wa hukumar SEC kula da irin wannan dukiya. Matasa masu ilmi ne kan gaba wajen shiga harkar, irin ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi, wadda aka kafa a 2013, mazauninta kuma yana Kalgo, da ƙananan ma'aikata masu neman inda za su ɓoye ɗan abin da suka tara kada faɗuwar darajar Naira ta cinye shi. Ya kamata duk mai niyyar sa guminsa a nan ya san lokacin da za a ce biya ya tabbata.

Kundin Da Ba Shi Da Magatakarda

A banki, kundin ajiya ɗaya ne, bankin ke riƙe da shi, abin da ya rubuta shi ne magana. Haka ma eNaira, wadda aka ƙaddamar ran 25 ga Oktoba, 2021, Babban Banki ne uban kundinta. Bitcoin kuwa, wanda wani mai kiran kansa Satoshi Nakamoto ya bayyana tsarinsa a wata takarda ran 31 ga Oktoba, 2008, ya kuma fara aiki cikin Janairu 2009, an gina shi ne don a yi kuɗi ba tare da magatakarda guda ba. Kowace kwamfuta da ta shiga tsarin tana da kofen kundin gaba ɗaya. Kusan kowane minti goma akan tattara cinikin da aka yi a rubuta a sabon shafi, kuma kowane shafi yana ɗauke da hatimin shafin da ya gabace shi, ta yadda in aka taɓa shafi ɗaya duk na bayansa sun ɓaci. Don haka ake ce wa kundin sarƙa.

Mutanen Gwandu ba baƙi ba ne ga irin wannan tunani. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya rubuta littafi musamman, Ida'un Nusukh, inda ya lissafa malaman da ya ɗauki karatu a wurinsu, domin a wurin masana ingancin abin da aka karɓa yana rataye da sanin hannun da ya biyo. Bambancin shi ne, a can mutunci da amanar mutum ake dubawa, a nan kuwa ba a san kowa ba, aiki kawai ake aunawa.

Masu rubuta shafukan su ne ake kira mahaƙa. Suna da injuna masu shan lantarki ƙwarai, waɗanda ke gasar warware wani lissafi da ba a samun amsarsa sai ta gwaji bayan gwaji. Wanda ya riga samu shi ke rubuta shafi, a ba shi ladan sababbin kuɗi. Kada mai karatu ya haɗa wannan da dangwalen waya da ya game Arewa a 2024 lokacin Notcoin da Hamster Kombat, wanda matasa suka riƙa kira mainin. Wancan dangwale ba ya rubuta shafi, ba ya kuma tsare kundin kowa.

Wani lokaci mahaƙa biyu sukan sami amsa kusan tare, sai sarƙar ta yi rassa biyu. Ƙa'idar da aka shimfiɗa ita ce kowace kwamfuta ta bi reshen da aka fi zuba wa aiki, wanda galibi shi ne mafi tsawo, a watsar da ɗayan. Wannan ƙa'ida ita ce ke haɗa bakin dubban kwamfutocin da ba su san juna ba. Ita ce kuma tsagar bangon da ƙadangare ke shiga.

Yadda Ake Kai Harin

A ɗauka wani mutum ya tara injunan da ƙarfinsu ya fi na sauran mahaƙa duka. Sai ya aika da kuɗi masu yawa zuwa wani kamfanin canji, a rubuta cinikin a kundin da kowa ke gani. A daidai wannan lokaci sai ya koma gefe ya fara gina nasa reshen a ɓoye, inda ya rubuta cewa waɗannan kuɗi ɗin ya aika su ne zuwa wata lalita tasa. Kamfanin canji ya jira shafuka kaɗan, ya gamsu, ya ba shi wani nau'in kuɗi a madadinsu, ya kwashe. Da yake injunansa sun fi sauri, ɓoyayyen reshensa ya riga ya zarce na fili tsawo. Sai ya fito da shi. Kwamfutoci su auna, su ga wannan ya fi aiki, su koma kansa. Shafin da ke ɗauke da biyan kamfanin ya zama yasasshe, kuɗin sun koma hannun mai su, ga kuma abin da ya karɓa.

Misalinsa kamar mutum ne ya sayar da gonarsa ta fadama a gaban mai unguwa da shaidu biyar, ya karɓi kuɗi, bayan mako guda ya fito da wata takarda mai shaidu takwas cewa tun ranar ya riga ya ba ƙanensa gonar. Da a gaban dagaci ne, tambayar farko ita ce ina waɗannan shaidu suke tun ranar, me ya sa sai yau aka ji su. Kwamfuta mai bin ƙa'idar Nakamoto ba ta yin wannan tambaya. Ƙidaya kawai take yi.

Amma fa harin yana da iyaka. Maharin ba zai iya ɗebe kuɗi daga lalitar wani ba, domin ba shi da mabuɗin sirrinta, ba kuma zai iya ƙirƙiro kuɗi fiye da yadda ƙa'ida ta yarda ba. Abin da yake iyawa shi ne ya janye biyan da shi kansa ya yi, ko ya hana cinikin wasu shiga kundi.

Nakamoto ya san da wannan hatsari, har ya yi lissafinsa a takardar 2008. Domin damar mahari ta kasa ɗaya cikin dubu, in yana da kashi 10 cikin ɗari na ƙarfin haƙa, jiran shafuka 5 ya isa. In yana da kashi 30, sai an jira 24. In ya kai kashi 45, sai 340. In kuwa ya haye rabi, babu adadin da zai isa muddin yana iya ci gaba da biyan kuɗin lantarki. Daga irin wannan lissafi ne aka sami al'adar jiran shafuka shida a Bitcoin, watau kimanin awa ɗaya. A Nuwamba 2013 kuma wasu masana biyu na Jami'ar Cornell a Amurka, Ittay Eyal da Emin Gün Sirer, suka nuna cewa ko rabin ba lalle ne a kai ba kafin ɓoyo ya yi riba. Ƙungiyar mahaƙa mai sulusin ƙarfi tana iya riƙe shafukan da ta samu a ɓoye, ta riƙa sakin su a lokacin da zai ɓata wahalar sauran, ta haka ta ci lada fiye da rabonta.

Inda Abin Ya Auku

Har yanzu ba a tabbatar da wani ya ci nasarar irin wannan hari na rinjaye a kan Bitcoin ba, saboda tara injuna da lantarkin da za su fi na duk mahaƙansa abu ne mai tsadar gaske. Ko da yake a tsakiyar 2014 wata ƙungiyar mahaƙa mai suna GHash.io ta taɓa kai rabin ƙarfin, hankalin jama'a ya tashi, daga baya ta yi alkawarin tsayawa ƙasa da kashi 40.

Ƙananan kuɗaɗe ne suka sha wuya. A watan Mayu 2018 an kai wa Bitcoin Gold hari, kamfanonin canji suka yi hasarar kimanin dala miliyan 18, aka kuma sake kai masa a Janairu 2020. A watan Yuni 2018 aka taɓa ZenCash, wanda daga baya ya koma Horizen. A Janairu 2019 kamfanin Coinbase ya ba da sanarwar cewa an kashe kuɗin Ethereum Classic guda 219,500 sau biyu, abin da ya kai kimanin dala miliyan 1.1 a lokacin. A watan Agusta 2020 sau uku aka kai wa wannan kuɗi hari cikin wata ɗaya. A na farko an soke shafuka fiye da 3,000, an tafi da abin da ya kai kimanin dala miliyan 5.6, a na uku kuwa shafukan da aka soke sun haura 7,000.

Abin da ya sauƙaƙa wannan ta'asa shi ne kasuwar hayar ƙarfin haƙa da ke intanet. Mahari ba ya bukatar sayen inji ko ɗaya. Ya yi hayar na 'yan awoyi, ya gama aikinsa, ya tafi. Masu binciken kamfanin Bitquery sun ƙiyasta cewa abin da aka kashe wajen haya a harin farko na Agusta 2020 bai kai dala 200,000 ba. Kowa ya kwatanta wannan da abin da aka kwasa zai ga dalilin da ya sa aka yi ta maimaitawa.

Maganar ba ta zama tarihi ba. A watan Agusta 2025 wata ƙungiya mai suna Qubic ta jawo mahaƙan Monero zuwa gare ta da ƙarin lada har ta yi iƙirarin ta sami rinjaye, abin da ya sa kamfanin Kraken ya dakatar da karɓar wannan kuɗi na ɗan lokaci. A watan Satumba na shekarar aka soke shafuka 18 a jere a kundin Monero, alhali shafuka goma ne masu amfani da shi suka saba jira.

Dabarun Tsaro Da Farashin Kowace

Dabara ta farko ita ce jinkiri. Gwargwadon yawan shafukan da aka jira, gwargwadon tsawon lokacin da mahari zai yi yana biyan haya. Bayan hare-haren 2020 Coinbase ta tsawaita jiran kuɗin Ethereum Classic zuwa kusan mako biyu. Wannan ya tsare kamfanin, amma kuɗin da sai an yi mako biyu kafin a tabbatar da su ba su da amfani ga mai cinikin yau da kullum.

Ta biyu ita ce koya wa kwamfuta tambayar dagaci. Bayan harin 2018 masu kula da Horizen sun ƙara ƙa'ida cewa duk reshen da ya fito a makare za a ɗora masa tara gwargwadon yawan shafukan da aka ɓoye, ba kuma za a karɓe shi ba sai ya ci gaba da aiki a fili har tarar ta ƙare. Wannan yana ninka wa mahari tsada, yana kuma ba kamfanonin canji lokacin rufe ƙofa. Ethereum Classic ya ɗauki makamancin wannan tsari a Oktoba 2020. Aibinsa shi ne, kwamfutar da ba ta nan sa'ad da abin ya faru ba ta san reshen da ya riga fitowa ba, kuma in hanyar sadarwa ta yanke tsakanin sassan duniya, kowane sashe zai ɗauka nasa reshen ne na farko.

Ta uku ita ce kafa turke. A Nuwamba 2018 wasu masu gina manhajar Bitcoin Cash suka sa ƙa'idar cewa shafin da aka ɗora wa goma a kansa ba ya sokuwa, kome tsawon reshen da ya zo daga baya. Dash kuma a 2019 ya ɗora wa wani rukuni na manyan kwamfutoci aikin sa hannu a kan kowane sabon shafi don kulle shi. Turke yana hana dogon hari, sai dai in aka sami saɓani a kansa kundin yana iya rabuwa biyu har abada, kuma ya mayar da wani ɓangare na amana hannun 'yan kaɗan.

Ta huɗu ita ce fakewa a bayan babba. A 2014 Dogecoin ya gyara tsarinsa yadda mahaƙan Litecoin za su iya haƙa kuɗaɗen biyu da aiki guda, ta haka ƙaramin ya sami inuwar babban. Amma wanda ya fake a gidan wani, lafiyarsa tana rataye da lafiyar maigidan.

Ta biyar ita ce sauya tushen tsarin daga aiki zuwa jingina. Ran 15 ga Satumba, 2022, Ethereum ya bar haƙa da injuna. Mai son shiga cikin masu tabbatar da shafuka sai ya ajiye jinginar kuɗin Ether 32, kuma wanda aka kama ya sa hannu a kan shafuka biyu masu karo da juna za a ƙwace wani ɓangare na jinginarsa a kore shi. In kashi biyu cikin uku na jingina suka amince, shafi yakan zama yankakke cikin kimanin minti 13, kuma soke shi zai jawo hasarar aƙalla sulusin duk jinginar da aka ajiye. A nan mahari ba zai yi haya ya tafi ba, dukiyarsa tana ciki. Duk da haka, mai dukiya da yawa shi ke da murya babba, kuma sabuwar kwamfuta tana bukatar wani amintacce ya nuna mata shafin kwanan nan da za ta fara daga kansa.

Mai karatu zai lura cewa babu dabarar da ta zo kyauta. Kowace ko dai ta ci lokaci, ko ta ci kuɗi, ko kuwa ta dawo da wani yanki na amana ga mutane, abin da tun farko aka ce za a rabu da shi.

Abin Da Ya Rage Ga Mai Ɗan Jari

Gaskiya ne mahari ba ya hayar injuna don ya cuci ɗalibi a Kalgo ko akawun ƙaramar hukuma a Gwandu. Manyan kamfanonin canji yake nema. Amma in giwaye suka yi faɗa ciyawa ke shan wuya. Da zarar an kai hari, kamfanoni sukan rufe shiga da fitar wannan kuɗi, wani lokaci su daina cinikinsa ɗungum, mai ɗan jari ya rasa yadda zai fitar da abinsa ranar da kuɗin makaranta ko na asibiti suka taso. Cinikin bayin Allah da ke cikin shafukan da aka soke kuma yakan koma jiran a sake rubuta shi.

Saboda haka akwai abubuwan da ya kamata a kiyaye. Mai sayen kirifto hannu da hannu kada ya saki Nairarsa don an nuna masa hoton waya. Ya duba tasa lalitar, ya ga adadin shafukan da aka ɗora a kan cinikin, kuma gwargwadon girman kuɗi gwargwadon jira. Kafin ya sayi wani sabon kuɗi don an ce yana da araha, ya bincika su wa ke rubuta kundinsa, su nawa ne, ko an taɓa kai masa hari. Akwai ma'auni mai sauƙi: ya duba shafuka nawa manyan kamfanonin canji ke jira kafin su karɓi wannan kuɗi, domin dogon jira alama ce ta ƙarancin amincewarsu. Ya kuma sani cewa rajistar kamfani a wurin SEC tana ba shi inda zai kai ƙara, amma babu kotun da za ta umarci kundin da ba shi da magatakarda ya mayar da shafin da ya watsar.

Har wa yau, kada tsoron wannan hari ya mantar da mutane ɓarawon da ya fi kusa. Rushewar CBEX a watan Afrilu 2025, wadda ta cinye dukiyar 'yan Nijeriya masu yawa, ba ta da alaƙa da ɓoyayyen reshe. Tsohuwar yaudarar nan ce ta alkawarin ninka kuɗi cikin wata guda.

Ga hukuma kuwa, tun da doka ta riga ta karɓi wannan harka, ya dace a tilasta wa kamfanonin canji masu rajista su bayyana wa jama'a ƙa'idarsu ta jira ga kowane kuɗi, da wanda zai ɗauki hasara in an soke shafuka. Ɗaliban ilmin kwamfuta da lissafi na Kalgo da na Jami'ar Jiha da ke Aliero su ma suna da rawar takawa, domin kundayen nan a buɗe suke, kowa yana iya sa musu ido, kuma iyayensu da maƙwabtansu suna bukatar mai yi musu bayani da Hausa kafin su sa hannu a aljihu. Wanda ya saki dukiyarsa a kan shafin da bai nutse cikin kundi ba, cinikin biri a sama ya yi.